LAFIYA UWAR JIKI: Masu Gadin Gaɓoɓi Da Ciwon Da Ake Ɗora Wa Sanyin Ikko

Duk Bahaushen da ya yi shekara goma a Ikko, ya fara jin gwiwa tana ƙara in zai tashi daga sujada, ba ya rasa wanda zai ɗora wa laifi. Sai ya ce sanyin Kurmi ne ya shiga ƙashinsa. Haka ake ji a Zangon Agege, haka a Idi-Araba da Obalende, haka kuma a Jankara, inda shekara da shekaru masu saiwoyi da sassaƙe suka yi suna wajen sayar da maganin sanyi, na sha da na shafawa. Dalilin da ake bayarwa kuwa yana da kan gado. Mutum ya taso a Katsina ko Sakkwato inda damina ba ta cika wuce wata huɗu ba, ya zo garin da ruwa ke sauka tun daga Afrilu har Oktoba, ga iska mai laima daga teku, ga kwana a kan tabarma bisa siminti. In gwiwa ta kumbura, wa za a tuhuma in ba sanyi ba?

Sai dai kalmar nan ta sanyi buhu ce mai faɗin baki, kome aka samu sai a zuba ciki. Gwiwar dattijo da ta gaji sanyi ne, babban yatsan mahauci da ya kumbura cikin dare sanyi ne, yatsun matar da ba ta iya dunƙule hannu da safe sanyi ne, har ciwon da ake kwasowa wajen neman mata da sunan nan ake sakaya shi. Likitoci kuwa sun ƙidaya ciwace-ciwacen gaɓoɓi iri fiye da 100, kowane da sanadinsa. Cikin 2019 masana na Jami'ar Manchester ta Ingila sun ba da labarin wani bincike da suka yi, inda suka tarar masu ciwo mai daɗewa sukan ɗan ƙara jin jiki a ranakun da iska ta yi laima. Watau laima tana iya tsananta ciwon da ke akwai, amma ba ita ke kawo shi ba. Mai hura wutar kumburi yana cikin jikin mutum, asalin aikinsa kuwa tsaro ne.

Mutanen Agege ba su bukatar dogon bayani game da aikin gadi, domin da yawa daga cikinsu da shi suka fara cin abinci a Ikko. Maigadi bai san sunan ɓarawo ba, bai taɓa ganin hotonsa ba. Abin da ya sani alamu ne: mutum a kan katanga da tsakar dare, ƙarar ƙarfe a jikin kwaɗo, hasken tocila inda bai kamata ba. Da ya ga ɗaya daga cikinsu sai ya busa usur, unguwa ta tashi da sanduna. 'Yan sandan ciki su ne masu fayil da hoto da zanen yatsa, amma kafin su iso an kwana biyu. Garkuwar jikin ɗan Adam ma haka Allah Ya tsara ta, hawa biyu. Akwai wadda ke koyon abokin gaba ta riƙe kamanninsa, ita ce allurar rigakafi ke horarwa, takan kuma ɗauki mako guda ko fiye kafin ta kintsa. Akwai kuma wadda aka haifi mutum da ita, mai aiki cikin mintoci. Wannan ta biyun tana da waɗansu 'yan ƙananan sinadarai da ke zaune a bayan ƙwayoyin halittar jiki da kuma cikinsu, suna saurare kamar kunnuwa. Su ne masu gadin da ake magana, kuma tantanin da ya lulluɓe kowace gaɓa daga ciki, wanda ke fid da ruwan nan mai yauƙi da ke hana ƙashi cin ƙashi, cike yake da su.

An daɗe kafin a gane su. Tun cikin 1882 wani masani ɗan Rasha, Elie Metchnikoff, ya soka ƙayar fure a jikin tsutsar wata halittar teku a garin Messina na Italiya, da gari ya waye ya tarar waɗansu ƙwayoyi sun yi wa ƙayar zobe suna neman haɗiye ta. Ya sami kyautar Nobel a 1908, amma yadda ƙwayoyin ke gane baƙo ya zauna a duhu fiye da shekara ɗari daga ranar ƙayar nan. A 1989 Charles Janeway na Jami'ar Yale ta Amurka ya ce lalle akwai kunnuwan da ke jin alamun da ƙwayoyin cuta suka yi tarayya a kansu. Tabbacin maganarsa daga jikin ƙuda ya fito. Cikin 1996 Jules Hoffmann da abokan aikinsa a Strasbourg ta Faransa suka nuna cewa ɗan ƙudan nan mai bin 'ya'yan itace, in wani sinadarinsa mai suna Tol ya lalace, funfuna ce ke cinye shi ya mutu. Shekara guda bayan haka Janeway da Ruslan Medzhitov suka gano ɗan'uwan Tol a jikin mutum, sa'an nan a 1998 Bruce Beutler ya nuna cewa wanda ake kira TLR4 shi ke jin rigar waje ta waɗansu ƙwayoyin cuta. Yanzu an san iri 10 a jikin ɗan Adam. Wani bangon ƙwayar cuta yake ji, wani wutsiyar da take iyo da ita, waɗansu kuma suna can ciki suna jiran kayan gādon ƙwayar in an haɗiye ta an farfasa. Hoffmann da Beutler suna cikin waɗanda aka ba kyautar Nobel ta 2011.

Da a ce ɓarawo kaɗai ke ta da maigadi, da zancen bai shafi yawancin masu ciwon gaɓoɓi ba, domin akasarinsu in aka zuƙo ruwan gwiwarsu ba a samun ƙwayar cuta ko ɗaya. Amma maigadin kirki ƙarar fashewar gilashi ma tana ta da shi, ko da iska ce ta buga taga. Wata masaniya a Amurka, Polly Matzinger, ta kawo wannan ra'ayi a 1994, cewa alamar ɓarna ita ma tana ta da garkuwar jiki, ko daga waje ta zo ko daga cikin gida. Da zarar masu gadi sun ji, sai su saki waɗansu sinadarai masu kai saƙo, manyansu su ne TNF da IL-1. Hanyoyin jini su buɗe, wurin ya ɗauki zafi, ruwa ya tsattsafo ya taru, fararen ƙwayoyin jini su yi dafifi, jijiyoyin jin ciwo su zama ko iska ta taɓa su sai sun amsa. Wannan gangami shi ne kumburi.

Misalin da ya fi kowane fitowa fili shi ne ciwon da Turawa ke kira gawut. Ya fi kama namijin da ya fara manyanta, sau da yawa mai ɗan jiki. Ya kwanta lafiya lau, wajen asuba ya farka babban yatsan ƙafarsa ya kumbura yana sheƙi, ko mayafi ya taɓa shi sai salati. Nan da nan sai a ce ya taka sammu, ko an yi masa jifa, a shiga lissafin abokan gaba a kasuwa. Alhali tun 1848 Alfred Garrod na Landan ya nuna cewa jinin masu ciwon nan ya cika da wani sinadari mai suna yurik asid, wanda saura ne daga abin da jiki ya narkar na tsofaffin ƙwayoyinsa da na abinci, ƙoda ce kuma ke fid da mafi yawansa ta fitsari. In ya zarce kimanin miligiram 6.8 a kowane kashi ɗaya cikin goma na litar jini, sai ya fara daskarewa, kamar yadda gishiri ke kwanta a gindin kwano in ruwa ya ƙoshi, ya zama 'yan allurai waɗanda ido ba ya gani. A nan kam masu zargin sanyi suna da ɗan rabo daga gaskiya, domin ya fi saurin daskarewa a wurin da ba ɗumi, babban yatsan ƙafa kuwa yana cikin gaɓoɓin da suka fi nisa da ɗumin jiki.

A 1961 Daniel McCarty da Joseph Hollander na Philadelphia suka ga 'yan alluran nan a ruwan gaɓar marasa lafiya. Don a kawar da shakka, shekara guda bayan haka McCarty da abokin aikinsa James Faires suka sa aka ɗura musu irin wannan gishiri a gwiwoyinsu na kansu. Cikin 'yan sa'o'i suka gane kurensu, gwiwoyi suka kumbura suntum, ba tare da wata ƙwayar cuta ba. Yadda abin ke faruwa bai bayyana ba sai a 2006, sa'ad da Jurg Tschopp da mutanensa a Lausanne ta Suwizalan suka nuna cewa ƙwayar da ta haɗiye allurar gishiri ta kasa narkar da ita, wani maigadi na can ciki mai suna NLRP3 ne ke farkawa, ya tara 'yan'uwansa, su saki IL-1 da yawan gaske. Aikin kuwa kamar na bindigar toka yake, sai an ɗura albarushi kafin jan kunama ya yi amfani. 'Yan gidan Tol ne ke ɗurawa, gishirin ne ke jan kunama. Masana suna ganin wannan ne ya sa mutum kan yi shekaru da gishirin a gaɓarsa bai sani ba, sai ranar da ya cika ciki da nama mai kitse, ko ya sha barasa, ko zazzaɓi ya kama shi, daren nan yatsa ya tashi.

Abincin da ke ƙara wannan sinadari sananne ne: hanta, ƙoda da sauran kayan ciki, kifin gwangwani irin su sadin, giya, da lemon kwalba mai yawan zaƙi. Mai karatu ya dubi mahaucin da ke sammako zuwa mayankar Oko-Oba, ko mai tsiren da ke kwana a gaban wuta yana zuba gumi, ruwa bai dame shi ba, abin da ya yi kwantai na kayan ciki kuma shi ne abincin darensa, zai ga yadda sana'a ke iya tara wa mutum sanadi. Duk da haka kada a ɗora wa nama laifin da ya fi ƙarfinsa. Kaso mafi girma yana wajen ƙodar da ba ta fid da sinadarin yadda ya kamata, ko don gado, ko don ta sami rauni, ko don maganin hawan jini irin mai sa yawan fitsari. Akwai masu gawut da yawa da ba su taɓa ɗanɗana barasa ba, bai kuwa kamata a riƙa yi musu kallon zargi ba.

Wani hali na ciwon nan shi ne yakan lafa da kansa cikin mako ɗaya ko biyu, ko an sha magani ko ba a sha ba. A nan kasuwar masu magani take ci, domin duk abin da aka sha a rana ta shida shi ke kwashe yabo, ko jiƙo ne, ko rubutu, ko ƙwaya. Gishirin kuwa yana nan kwance. Bayan watanni ciwon ya dawo, ya koma idon sawu ko gwiwa, a kwana a tashi ya yi ƙulalai a yatsu da gwiwar hannu, ya ci ƙashi, wani ma ya yi tsakuwa a ƙoda. Abin takaici shi ne gawut yana cikin ciwace-ciwacen gaɓoɓi da suka fi jin magani. Kolcisin yana kwantar da gangamin in an sha shi a ranar farko bisa awon likita, alofurinol kuma, wanda ake amfani da shi tun 1966, yana rage sinadarin daga tushe har tsohon gishiri ya narke, muddin aka riƙe awon jini ƙasa da 6. Sharaɗinsa shi ne a riƙa shansa kullum, ba sai ciwo ya tashi ba, kuma a fara da kaɗan bayan an auna ƙoda.

Gwiwar ɗan dako wani labari ne dabam. Wanda ya yi shekara ashirin yana sauke buhunan albasa a kasuwar Mile 12, ko ɗan garuwa mai tura kurar jarka goma, kowace lita 25, watau kilo 250 na ruwa kaɗai, guringuntsin gwiwarsa yana sha. A da ana ɗaukar wannan ciwo kamar suɗewar tayar mota kawai. Yanzu an gane cewa ɓarɓashin da ke zuba daga guringuntsi yana ta da TLR2 da TLR4, su kuma su sa a saki sinadaran da ke ƙara cin guringuntsin, ɓarɓashi ya ƙaru, usur ya ci gaba da tashi a hankali shekara da shekaru. Har yau ba a sami ƙwayar da ke mai da guringuntsin da ya tafi ba. Abin da aka tabbatar yana taimako shi ne ƙarfafa naman cinya da motsa jiki, da rage ƙiba, domin kowane kilo ɗaya da mutum ya sauke yana rage wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku. Kwanciya wuri ɗaya ƙara sandarar da gaɓa take yi. Wanda durƙuso ya gagare shi kuwa, shari'a ta riga ta sauƙaƙa masa yin salla a zaune.

Sai amosanin gaɓɓai irin wanda likitoci ke kira rumatoyid, wanda ya fi kama mata, ninki biyu zuwa uku a kan maza. Alamarsa ƙananan gaɓoɓin hannu biyu su kumbura tare, dama da hagu, su sandare da safe fiye da sa'a guda, har mace ta kasa matse tsumma ko ɗaura zane. Wannan ciwo yana da tarihi mai ban sha'awa a Nijeriya. Cikin 1968 wani likita Bature, Brian Greenwood, wanda ke aiki a asibitin koyarwa na Badun, daga baya kuma ya yi shekara goma a Zariya, ya rubuta cewa ba a cika ganin irin waɗannan cututtuka a ƙasar Yarabawa ba, ya kuma yi zaton yawan fama da zazzaɓin cizon sauro da tsutsotsi tun yarinta ne ke sauya halin garkuwar jiki. Maganar ta daɗe tana yawo, har waɗansu suka ɗauka ciwon na Turawa ne. A 2010 Farfesa Olufemi Adelowo da abokan aikinsa suka ba da bayanin mutum 200 masu wannan ciwo da aka duba a Ikko, mata suka fi yawa. Ashe yana nan, masu gane shi ne suka yi ƙaranci.

A rumatoyid hawa biyu na garkuwa duka suna da hannu. Masu fayil ne suka yi kuskure suka rubuta sunan ɗan gida a cikin ɓarayi, masu gadi kuma suna hura wutar ba dare ba rana, domin kowace ɓarna da aka yi sabuwar ƙara ce a kunnensu. Shan taba yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarinsa. A farkon shekarun 1990 Ravinder Maini da Marc Feldmann na Cibiyar Kennedy ta Landan suka nuna cewa in aka tare saƙon TNF ciwon yana lafawa ƙwarai, allurar da ta fito daga nan ta ta da guragu da yawa, sai dai tsadarta ta fi ƙarfin talaka. Da aka gwada toshe kunnen TLR4 shi kaɗai kuwa, ba a ga wani amfani ba, gida mai ƙofa goma rufe ɗaya ba ya hana shiga. Wani abin mamaki shi ne tsohon maganin zazzaɓin nan, klorokwin, wanda kowa ya san ɗacinsa da ƙaiƙayinsa, ɗan'uwansa haidroksiklorokwin ya daɗe cikin magungunan amosani tun ba a san dalili ba. Daga baya aka gano cewa cikin ayyukansa har da dakushe jin masu gadin nan na ciki, TLR7 da TLR9. Ginshiƙin magani dai shi ne metotreksat, ana shansa sau ɗaya a mako, ba kullum ba, mai ciki ba ta shansa, kuma tilas a riƙa auna jini. Wadda aka fara wa cikin watannin farko takan tsira da yatsunta, amma in sun riga sun karkace ba mai miƙar da su.

Akwai kuma ranar da maigadi ke da gaskiya, ɓarawo ne ya shigo. Gaɓa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, ga zazzaɓi, ba ta motsuwa ko kaɗan, ko yaro ya ƙi taka ƙafarsa. Masu amosanin jini da masu ciwon sukari da tsofaffi sun fi shiga wannan haɗari, haka wanda aka yi wa tsaga ko sakiya da askar da ba a dafa ba, ko wanda ya bari wani da bai ƙware ba ya soka masa allura a gwiwa. Ƙwayar cuta da mugunya suna iya cinye guringuntsi cikin 'yan kwanaki, su bar mutum da gurguntar har abada, ko su shiga jini su yi kisa. Matsalar ita ce a ido wannan da gawut kamarsu ɗaya, har likita ma ba ya rantsuwa sai ya zuƙo ruwan gaɓar ya duba shi a madubin awo. Irin wannan kumburi ba a kwana da shi a gida, ba na maɗori ba ne, ba kuma na wanzami ba.

Wannan ne ya sa ƙullin ƙwayoyin nan da ake kira haɗi, wanda ake sayarwa a tasha da bakin kasuwa cikin 'yar leda, ya zama abin tsoro. Sau da yawa a ciki akwai deksametason ko firednisolon, jikokin kotizon. A 1948 Philip Hench na asibitin Mayo a Amurka ya ba wata mata da amosani ya kwantar kotizon, cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya, duniya ta ɗauka an gama da ciwon, har aka ba shi kyautar Nobel a 1950. Ba a jima ba aka ga sauran labarin: fuska ta yi fam, sukari da hawan jini su taso, ƙashi ya yi rauni, kan ƙashin cinya ya mutu. Maganin yana rufe bakin masu gadi gaba ɗaya, shi ya sa mai sha ke jin garau washegari. A hannun likita, da awo da wa'adi, yana da babban amfani. Ga mai gaɓar da ƙwayar cuta ta shiga kuwa, daidai yake da a ɗaure maigadi alhali ɓarawo yana cikin ɗaki. Ragowar ƙullin galibi magungunan kashe zafi ne irin su diklofenak da ibufurofen, biyu ko uku a haɗe, masu jawo gyambon ciki da lalata ƙoda, ƙodar da ta lalace kuma ita ce ke ƙara tara gishirin gawut. Wanda ya daɗe yana shan haɗi kada ya yanke rana ɗaya, domin jikinsa ya rage yin nasa kotizon, sai likita ya janye shi sannu a hankali.

Mazaunin Agege bai yi nisa da asibitin koyarwa na Jihar Legas da ke Ikeja ba. Na Idi-Araba kuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Legas yana ƙofar gidansa, ga kuma asibitin ƙashi na Igbobi, wanda ya samo asali daga wurin jinyar sojojin Yaƙin Duniya na Biyu. Wanda ya koma gida yana da asibitin ƙashi na Dala a Kano da asibitin koyarwa na Shika a Zariya. Mai zuwa ya shirya amsar abin da za a tambaye shi: wace gaɓa ce ta fara, cikin dare ɗaya ta tashi ko a hankali, sandarewar safe minti nawa take yi, akwai zazzaɓi ko babu, akwai mai irin ciwon a dangi. Sa'an nan ya tafi da duk abin da yake sha, na asibiti da na leda da na kwalba, ya zube su a kan teburin likita kafin a rubuta masa wani.